Ruwan da Na Kai Gidan Malam

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa ba, sana'ata garuwa ce a nan unguwar Sabo ta Ibadan. Masu ganina yanzu a bakin titi da teburin carbi da turare suna ce mini Baba Alhaji, ba su san na yi shekara goma sha wani abu ina tura kurar ruwa ba. Hajjin ma ban je ba, farin gemu ne ya jawo mini. Ku da kuke bibiyata a nan kun saba da shirmena, kullum ina ba ku labarin yadda na yi wa wani wayo ko aka yi mini. Na yau ku yi haƙuri, ba shi da daɗi sosai. Ku kuma yafe kuskuren rubutu, bokona na damina ɗaya ne a ajin yaƙi da jahilci, shi ma rabinsa barci na yi.

A lokacin famfon gwamnati ya riga ya mutu a layinmu. Da farko yana kawo ruwa sau biyu a mako, ya koma sau ɗaya a wata, daga baya in ka murɗa kansa sai ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Mata suka mayar da shi wurin ɗaure igiyar shanya. Ruwa ya koma hannun masu hali. Duk wanda ya haƙa bohol shi ne gwamnatin ruwa, shi zai buɗe, shi zai rufe, shi zai yanka farashi. Bayan gida ma haka. In masai ya cika babu ofishin da za ka je, mai mota za ka kira ya zo ya zuƙe, ka sallame shi ya tafi. Inda yake kai kayan kuwa ba mai tambaya, tunda dai ya bar gidanka.

Ta wajen Mokola akwai wani ƙaramin kamfani da ya haƙa bohol mai zurfi, ya kafa tankuna, yana sa wa ruwansa magani. Mu 'yan garuwa da muke ɗiba a wurinsu, sai su shafa wa jarkokinmu shuɗin fenti a wuya, shaidar cewa ruwansu ne. Matan Sabo sun san fentin nan sarai. In ba su ga shuɗi a wuyan jarka ba, ruwan wanki ne wannan, ba a zuba shi a randa. Abin da ke damunmu da kamfanin shi ne layi. Sai an tada janareto, kuma motocin otal ne a gaba, mu masu kura a baya. Kana iya zuwa da hantsi ka kai azahar kana gadin jarka a rana.

Wata rana ina cikin ƙunƙunin layin nan, sai abokina, wanda garinmu ɗaya da shi kuma sana'armu ɗaya, ya ce in zo ya nuna mini wani wuri. Can gangare ne, bakin kwari, wani fili da aka kewaye da bulo. Mai wurin yana da rijiya da injin jan ruwa, babu layi, ga arha. A cikin filin kuma ga motocinsa biyu na kwasar masai. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban gani ba. Da idona na ga ƙaton tiyo an ɗora shi ta kan katangar baya yana zuba a kwarin, kuma tsakaninsa da rijiyar bai fi taku ashirin ba.

Abokina masu buga bulo yake kai wa wannan ruwan, da masu wankin mota. Jarkokinsa masu shuɗi kuwa ba ya kusantar wurin da su. Ni ne mai ilimi, ni na zo da sabon abu.

Ilimin nawa ga inda na samo shi. Akwai wani tsohon malami a layinmu da yake karantar da magidanta a zaurensa tsakanin la'asar da magariba. Na shiga ina dab da shekara arba'in, na yi shekara uku ban wuce babin tsarki ba. Malam yakan ce, "Kai da babin ruwan nan kamar an ɗaura muku aure." Abokan karatu su yi ta dariya, ni ma in taya su. Amma abu ɗaya ya zauna mini daram: ruwa yana nan da tsarkinsa matuƙar launinsa bai sake ba, ɗanɗanonsa bai sake ba, ƙamshinsa bai sake ba. Wannan na haddace shi fiye da sunan kakana.

Sai na ɗebi ruwan rijiyar nan a farin kofi, na ɗaga shi a rana. Fari tas. Na shinshina, babu komai. Na kurɓa, na juya shi a baki kamar mai sayen zuma, garau. Na zama alƙali, na zama shaida, na yanke hukunci, na soma ɗura jarkokina masu shuɗin wuya.

Abokina ya riƙe mini hannu. "Kai, wannan fa na wanki ne."

Na ce, "Ka yi babin tsarki?"

"Ban yi ba, amma ina da ido. Ba ka ga tiyon can ba?"

"Tiyo yana can, ruwa yana nan. Launi, ɗanɗano, ƙamshi. Wanne ya sake? Ka je ka yi karatu, ka daina jayayya da malamai."

Ya kalle ni ya ce, "Allah Ya sawwaƙe wa malaman da kake cikinsu." Ya tura kurarsa ya tafi.

Gida goma sha ɗaya nake kai wa ruwa, gidan Malam ne na farko. Shi ba ya shan ruwan leda, yakan ce warin roba yake ji. Randarsa ta ƙasa tana cikin ɗakinsa da moɗa a kai, a tsakar gida kuma akwai ƙaton duro da matarsa ke ɗiba. Duk layin Inna muke ce mata. Duk ranar da na kawo ruwa sai ta miƙo mini kunu ko ɗumame, ta ce, "Mai ruwa, zauna ka sa wani abu a cikinka, turin kura ba wasa ba ne."

Duk rani lafiya lau, ko ciwon kai ba wanda ya yi. Ina gama zagayena kafin azahar, in zauna a inuwa ina kallon 'yan'uwana suna dawowa daga layin kamfani a jiƙe da gumi, ina ce musu sannu da ƙoƙari. Sai ruwan sama ya sauka, kwarin nan ya cika ya batse har gindin katanga. Na sake gwada ruwan rijiyar da kofina. Yana nan fari tas. Na ci gaba.

Ran wata Talata na cika duron Inna da randar Malam da safe. Da la'asar muka zo karatu aka ce Malam ba ya jin daɗi, cikinsa ne. Washegari na leƙa da hantsi na tarar abin ya zama amai da gudawa, an shimfiɗa masa tabarma kusa da ƙofar ɗaki don kada bayan gida ya yi masa nisa. A hanya kuma na ji an ce gida biyu cikin gidajena akwai masu irin wannan ciwon. Sai na ce wa kaina ai lokacin mangwaro ne.

Akwai wata nas Bayarabiya da ke zaune a bakin unguwa, a Sabo aka haife ta, Hausarta ta fi tawa. Mama Nas kowa ke ce mata. Inna ta aika ta zo. Ina tsaye a tsakar gidan ta duba Malam, ta ja fatar hannunsa ta saki, ta juyo ta ce, "Inna, wane ruwa kuke sha a gidan nan?"

Inna ta nuna jarkar da ke hannuna. "Na kamfani. Ga shuɗin nan. Shekara nawa shi ke kawo mana."

Mama Nas ta ce, "To madalla, wannan akwai magani a ciki. Sai dai ko abinci ne. Ki haɗa masa gishiri da sukari a ruwan, duk fitar da ya yi ya sha kofi guda. Baba, ko ba ka so sai ka sha. In bai tsaya ba zuwa jibi, asibiti."

Ina jin wannan magana da kunnena. Bakina yana nan, harshena lafiyarsa ƙalau, amma ban ce uffan ba. Ɗaliban Malam kuma suka zauna a zaure suna rubutu a alluna, suna wankewa da ruwan duron nan suna aika masa. Wato duk wanda yake ƙaunar Malam, abin da ya iya yi masa shi ne ya ƙara masa ruwana.

Maimakon in faɗi gaskiya sai na koma ga abin da na fi iyawa, dabara. Ran Alhamis na bi layin kamfani kamar mutumin kirki, na ɗebo na gaske, na nufi gidan Malam. Nufina in zubar da tsohon in zuba sabo, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Inna ta ce, "Yau ba ma buƙata, duro ko rabi bai yi ba."

Na leƙa duron, na yi tsalle da baya. "Subhanallahi! Inna, ƙadangare ya mutu a ciki!"

Tana daka, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ina yake?"

"Na cire na jefa bayan katanga."

"Da wannan saurin? To. Launin ruwan ya sake?"

"A'a, amma..."

"Yana wari?"

"Ba ya yi."

"Ɗebe guga biyu ka zuba wa bishiyar can, sauran yana nan da tsarkinsa. Shekara arba'in ina jin karatun nan ta bayan labule, kai shekararka uku. Ruwa da tsadar nan za ka ce in zubar da duro guda?"

Na ce to bari in ba su sabon kyauta, sadaka saboda Malam. Ta yi mini godiya, ta sa mini albarka, ta ce in juye a kan na duron. Haka na tsaya na zuba mai kyau a cikin marar kyau da hannuna.

Ina shirin fita sai na ji muryar Malam daga ɗaki, can ƙasa-ƙasa. "Mai ruwa ne? Shigo."

Na cire takalmi na shiga na durƙusa. Kwana biyu kacal, amma idanunsa sun faɗa, leɓɓansa sun bushe sun tsage. Mutumin da muryarsa ke kai wa bakin titi in yana jan baƙi, sai da na kai kunne kusa.

Ya ce, "Ka ga an ba ka hutun karatu. Na san ba ka yi baƙin ciki ba."

Na ce, "Allah gafarta Malam, Allah Ya ba ka lafiya."

"Amin. Miƙo mini moɗar nan, maƙogwarona kamar an zuba toka."

Na buɗe randar, na ɗebo. Ruwa fari, mai sanyi. Ya miƙo hannu. Ni kuma nawa hannun ya ƙi gaba. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba, shi hannunsa a miƙe, ni moɗa a ƙirjina.

"Lafiya?"

Na ajiye moɗar a bayana. Na ce, "Malam, ruwan nan ba na kamfani ba ne." Na faɗa masa komai, rijiyar, motocin, tiyon, fentin. Har gwajin da na yi da farin kofi na faɗa, ina jin kamar zai rage mini laifi. Inna tana bakin ƙofa da taɓarya a hannu, ban san lokacin da ta zo ba.

Malam ya rufe ido. Na zaci suma ya yi. Can ya ce, "Launi, ɗanɗano, ƙamshi."

"Haka ka koya mana, Allah gafarta."

"Haka na koya muku. Na alwala na koya muku, wanda za ka wanke gaɓɓai ka tsaya gaban Ubangiji. Ban ce maka duk abin da ya halatta a yi alwala da shi ciki zai ɗauka ba." Ya yi numfashi. "Da ka tambaye ni."

"Na ji tsoron za ka hana."

"Ashe ka sani."

Waɗannan kalmomi uku, har yau ban sami inda zan ajiye su ba.

Ya ce, "Gida nawa kake kai wa?"

"Goma sha ɗaya."

"To zaman me kake yi a nan? Ni nawa ya riga ya shiga. Tashi."

Na tashi. Inna ta matsa ta ba ni hanya, ba ta dube ni ba. Na fara biyawa ta wurin Mama Nas. Ta zage ni da Hausa, Hausa ta ƙare ta koma Yarabanci, tana zagin tana ɗaura ɗankwali tana kiran mai motar da zai kai Malam asibiti. Daga nan na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Kowane gida sai na yi sallama, na tsaya a tsakar gida, na faɗi abin da na yi da bakina, sannan a kifar da duro. Wata ta jefe ni da murfin tukunya. Wani magidanci ya ɗauke ni da mari, ban ko kare ba. Wanda ya fi mini ciwo wata tsohuwa ce da ta gama saurarona ta ce, "Kai da nake ajiye wa ƙosai?" A gida na shida sai ga abokina da kurarsa cike da ruwan kamfani, yana bin bayana yana zuba wa mutane sabo. Bai ce mini ai na faɗa maka ba. Har ya koma gida arewa bai taɓa faɗa ba.

Mutum biyar aka kai asibiti daga gidajena. Huɗu sun dawo da ƙafarsu. Malam an yi ta ƙara masa ruwa, leda bayan leda, ran Lahadi da hantsi Allah Ya karɓi abinsa.

A Sabo, in aka yi rasuwa, mai ruwan gidan shi ke kawo ruwan wanka, kuma ba a biyansa. Ni ina ɗakina na kulle ƙofa, na tabbata wani za a kira. Sai aka buga, aka ce Inna na nemana. Na je na durƙusa daga nesa, mata cike da tsakar gida, kowa ya san ni ne.

Na ce, "Inna, a sa abokina ya kawo."

Ta ce, "A asibiti ya ce kai za ka kawo. Ya ce in an hana ka wannan, ba za ka ƙara iya shiga layin nan ba. Je ka, ana jira."

Na tura kura zuwa Mokola. Layi har bakin titi. Ban roƙi kowa ba, na tsaya a ƙarshe. Wani daga cikin 'yan garuwa ya waiwayo ya gan ni, ya ce, "Na wankan Malam ne?" Na ɗaga kai. Sai kuraye suka fara darewa. Ma'aikacin kamfanin ma ya cire tiyo daga motar otal ya sa a jarkata. Ban san yadda na kai ruwan nan gida ba, hanyar dai ban ganta sosai ba.

Bayan kwana biyu duba-gari suka zo suka sa wa filin rijiyar kwaɗo. Kafin damina ta fita an cire. Motocin suka sauya inda suke zubarwa, na ji an ce can wajen gari, kusa da gonakin wasu da su ma ba a tambaye su ba. Mai wurin da aka yi masa magana cewa ya yi shi bai taɓa ce wa kowa ruwan sha yake sayarwa ba. Kuma gaskiya ya faɗa.

Nakan ji masu ilimi a rediyo suna gardama, wasu na cewa a bar wa 'yan kasuwa harkar ruwa sun fi iyawa, wasu na cewa gwamnati ta karɓe. Ni ban isa in shiga wannan ba, wanda ya yi shekara uku a babi ɗaya. Abin da na sani shi ne na wanda ya tura kura. Ɗan kasuwa ya ba mu ruwa lokacin da famfo ya bushe, wannan ba a musu. Amma daga mai bohol, zuwa mai motar masai, zuwa ni mai jarka, babu wanda wani yake dubawa. Kowa amanarsa ce kawai ke gadinsa, kuma tsakanin cikin mutane da abin da ke kwarin nan babu komai sai ɗan fenti a wuyan jarka. Rannan amanar ta faɗo a kaina, ni kuma layi ya ishe ni.

Likita ya ce wa ɗaliban Malam akwai tsufa a ciki, jikinsa ba shi da ƙarfin jurewa. Mutane da yawa sun kawo mini wannan maganar don su sanyaya mini rai, wasu kuma suka ce kwana ne ya ƙare. Na yarda kwana ne ya ƙare. Amma kwana biyun da na yi ina ƙirƙirar ƙadangare, wannan nawa ne, ba na raba shi da kowa.

Gida tara suka sallame ni, kuma ban ga laifinsu ba. Inna ba ta sallame ni ba. Bayan ta fita takaba ta aiko in ci gaba da kawo ruwa, na yi ta kawowa shekara shida, har 'ya'yanta suka zo suka mayar da ita gida. Kunun ma ba ta daina ba ni ba. Kullum in na sauke jarka nakan ɗan tsaya, ina jira ta ce, mai ruwa, na ina ne wannan? Amsar tana bakina, har da wanda zai yi mini shaida. A shekara shidan nan ko sau ɗaya ba ta tambaya ba. Buɗe duron kawai take yi ta koma kan aikinta.

Da ta tambaya, da ya fi mini sauƙi. Allah Ya jiƙan Malam, Ya jiƙan Inna.